Gawar jakada a jirgin yaƙi: yadda ƙawancen ƙasashe ya juya gidan Ertegun na Turkiyya

Ranar 5 ga Afrilun 1946 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri ya tsaya a gaban Istanbul ɗauke da akwatin gawa guda ɗaya. Gawar Mehmet Munir Ertegun ce, jakadan Turkiyya a Washinton, wanda ciwon zuciya ya yi ajalinsa tun ranar 11 ga Nuwamban 1944, kusan wata goma sha bakwai kafin nan. Jirgin da ya fito taryarsa shi ne Yavuz, babban jirgin yaƙin Turkiyya, suka gaisa da harbin igwa sau 19 kowannensu. Yavuz ɗin nan asalinsa na Jamus ne, sunansa na yanka Goeben, kuma shi ya ja Daular Usmaniyya ya tsunduma ta cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914. Missouri kuwa a kansa Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumban 1945. Tsohon ƙawance da sabo suka haɗu a ruwa ɗaya, ga gawar mutumin da ya yi aiki a zamanin duka biyun a tsakaninsu.

Wannan nazari ya bi gidan mamacin ne, daga kakansa na wajen uwa, shehin wata zawiyya, har zuwa 'ya'yansa biyu da suka ƙare a kasuwar faifan waƙa a Amurka. Abin dubawa shi ne hanyar da takardar da gwamnatoci suka sa wa hannu take bi ta shiga cikin gida, har ta zaɓa wa yaro makaranta da harshe da sana'a. Duk inda aka ce Daular Usmaniyya a nan, ta sarakunan Istanbul ake nufi, Santambul ɗin mutanen da, ba ta Sakkwato ba.

Zawiyyar matafiya

A kan tudun Sultantepe da ke Uskudar, ɓangaren Istanbul na Asiya, akwai zawiyyar Ozbekler, wato ta Uzbekawa. An gina ta a tsakiyar ƙarni na 18 saboda 'yan ɗariƙar Naƙshabandiyya masu fitowa daga Bukhara da Samarƙand da kewaye. Maniyyatan Tsakiyar Asiya da yawa sukan biyo ta Istanbul kafin su nufi Makka, su sauka a nan a ba su makwanci da dafa-dukar shinkafa irin ta ƙasarsu. Gida ne da ya saba da baƙo mai wani harshe.

Shehinta mafi shahara shi ne Ibrahim Edhem Efendi, wanda ya rasu a 1904. Laƙabinsa Hezarfen, ma'ana mai sana'a dubu, amma abin da aka fi tuna shi da shi shi ne zanen ebru, wanda mahaifinsa ya koyo a Bukhara. Wani ƙaro ake jiƙawa har ruwan ya yi kauri kamar tsinkakken kunu, a tace a zuba a faffaɗan faranti. Launukan niƙaƙƙiyar ƙasa ce, ana ɗiga musu ruwan matsarmamar sa: in ya yi kaɗan launin ya nutse, in ya yi yawa ya baje ya kore. Da buroshin gashin doki ake yayyafa su a kan ruwan, a ja su da tsinke, sannan a shimfiɗa takarda a zare ta da zanen a jikinta. 'Yar wannan shehi ce ta auri wani ma'aikacin gwamnati, ta haifi Munir a 1883. Jikan bai gaji buzu ba. Ya gama karatun lauya a Istanbul a 1908, ya shiga ma'aikatar harkokin waje a matsayin mai ba da shawara kan shari'a.

Bashin ƙawancen Jamus

Ranar 2 ga Agustan 1914 wasu 'yan tsiraru a gwamnatin Istanbul suka ƙulla ƙawancen asiri da Jamus. A kwanakin ne kuma Ingila ta riƙe manyan jiragen yaƙi biyu da ake ƙera wa Turkawa a can, waɗanda har talakawa sun yi karo-karo wajen biyan kuɗinsu. Jamus ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Jiragenta biyu da ke tserewa Ingilishi a Bahar Rum, Goeben da Breslau, suka shige mashigin Dardanel ranar 10 ga Agusta. Don kada a ce Turkiyya ta karya dokar 'yan ba-ruwanmu, aka shelanta cewa sayensu aka yi, aka sauya musu suna zuwa Yavuz da Midilli, matuƙan Jamus suka ɗora jar dara a ka, kwamandansu Souchon yana nan a kujerarsa. Ranar 29 ga Oktoba ya ja su zuwa Baƙin Teku ya yi luguden wuta a tashoshin Rasha, ciki har da Odessa da Sebastopol. Daga nan babu komawa.

A cikin wannan yaƙi aka haifi ɗan fari na Munir, Nesuhi, a Nuwamban 1917. Shekara guda bayan haka daular ta sa hannu a tsagaita wuta a Mudros, kuma ranar 13 ga Nuwamban 1918 jiragen yaƙin Ingila da Faransa da Italiya da Girka sama da hamsin suka jeru a gaban Istanbul. Ranar 16 ga Maris 1920 aka mamaye shi a hukumance, aka fara kamen 'yan kishin ƙasa.

A nan zawiyyar ta sami wani aiki. Sojan mamaya ya saba ganin masu rawani da ƙunshin kaya suna shiga suna fita, don haka bai cika kula ba. A ƙarƙashin shehin lokacin, Ata Efendi, ta zama zangon farko na masu sulalewa zuwa Ankara wurin Mustafa Kemal, jagoran 'yan kishin ƙasa masu yaƙi da mamayar: a tsallako da mutum ruwa da dare, a ɓoye shi, a haɗa shi da ɗan rakiya. Marubuciya Halide Edib da mijinta Dakta Adnan ta nan suka bi. Makamai ma sun bi ta nan.

Shi kuwa Munir ta ƙofar gwamnati ya isa Ankara. A Disamban 1920 yana cikin tawagar da gwamnatin sarki ta tura Bilecik don neman sulhu da Mustafa Kemal. Maimakon sulhu, Mustafa Kemal ya tattara tawagar ya wuce da ita Ankara. Da aka sallami manyanta, Munir ya zauna. Lauyan da ya karanta yarjejeniyar Sevres ta Agustan 1920, wadda ta yanyanka daular kamar naman layya, bai buƙaci boka ya gaya masa wace gwamnati ce ke da gobe ba.

A riƙe wani abu a nan, domin zai dawo: babbar ƙawar Ankara a wannan yaƙi Tarayyar Sobiyet ce. Ta ba da zinariya da bindigogi, yarjejeniyoyin Mosko da Kars na 1921 suka tabbatar wa Turkiyya yankunan Kars da Ardahan, sannan a Disamban 1925 aka ƙara da yarjejeniyar abota da rashin tsoma baki.

Lozan da jakar tafiya

A taron sulhu na Lozan, a Suwizalan, Munir ne babban lauyan tawagar Ankara da Ismet Pasha ya jagoranta. Aikin lauya a wurin bai kai na janar-janar ƙayatarwa ba, amma ya fi daɗewa. Akwai tsofaffin gatancin da Turawa suka daɗe suna ci a daular: Bature ya yi laifi a Istanbul sai kotun ƙaramin jakadansa ta yi masa shari'a, haraji kuma an ɗauke masa mafi yawa. Akwai kuma bashin daular, wanda tun 1881 wata hukumar masu bin bashi ke karɓar harajin gishiri da taba da sauransu kai tsaye. Kan irin waɗannan batutuwa taron ya watse a Fabrairun 1923, aka dawo a Afrilu. Sashe na 28 na yarjejeniyar ya soke gatancin gaba ɗaya. Bashin kuma aka raba shi tsakanin ƙasashen da suka fita daga daular, Turkiyya ta ɗauki kusan kashi biyu cikin uku, ba ta gama biya ba sai 1954. An sa hannu ranar 24 ga Yulin 1923. Mako guda cif bayan haka, ranar 31 ga wata, aka haifa wa Munir ɗa na biyu, Ahmet.

Sabuwar jamhuriyar Turkiyya, wadda ta maye gurbin daular, ba ta da mutane da yawa masu jin Faransanci da dokar ƙasa da ƙasa, kuma waɗanda Ankara ta amince da su sun fi ƙaranci. Don haka aka yi ta aika shi: Suwizalan daga 1925, Faransa daga 1930, Ingila daga 1932, Amurka daga 1934. A shekarar da ya kama aiki a Suwizalan, ranar 30 ga Nuwamban 1925, gwamnatin da yake wakilta ta rufe dukkan zawiyyoyin ƙasar da doka, har da ta gidan mahaifiyarsa. A 1928 aka bar rubutun Larabci aka koma na boko. A 1934 doka ta tilasta wa kowane gida ya zaɓi sunan zuri'a, a nan sunan Ertegun ya samo asali. Yaran sun tashi a makarantun Turai, harshen ajinsu Faransanci sannan Ingilishi, ƙasarsu kuma tana sauya kamanni ba sa nan. A Landan, a 1933, Nesuhi ya ja ƙanensa zuwa kallon ƙungiyar Duke Ellington, baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗan jaz. Ahmet bai cika shekara goma ba.

Washinton: ƙofar gaba

Lokacin da Munir ya isa Washinton babu ƙawance tsakanin ƙasashen biyu, dangantakar ma da ƙyar aka ɗinke ta. An yanke hulɗa a Afrilun 1917, majalisar dattawan Amurka a Janairun 1927 ta ƙi amincewa da yarjejeniyar da aka ƙulla da Turkiyya, saboda ƙuri'un ba su kai kashi biyu cikin uku ba, sai da musayar wasiƙu aka maido da jakadu. Babban abin da ya tsaya wa Amurkawa a rai shi ne kisan Armeniyawa na 1915, wanda mafi yawan masana tarihi ke kira kisan ƙare dangi, Turkiyya kuma take ƙin wannan suna. A zamanin ƙawancen Jamus aka yi shi, amma jakadan jamhuriya ne ya gaji kare shi. Da kamfanin fim na MGM ya shirya yin fim kan Armeniyawan da suka yi turjiya a dutsen Musa Dagh, Munir ya matsa wa ma'aikatar harkokin wajen Amurka lamba, tare da barazanar rufe wa finafinan kamfanin kasuwa, har aka jingine aikin. Masu yabonsa sukan tsallake wannan babi. Bai kamata ba, don yana cikin aikin da aka aike shi.

Abin da aka fi tunawa shi ne gidan jakadan da ke dandalin Sheridan, katafaren gini na wani attajiri da ya yi kuɗi da kwalabe da murafansu, wanda Turkiyya ta saya a 1936. Washinton ta wancan lokaci gari ne na wariya: otal, gidan abinci, gidan kallo, kowa da nasa. Nesuhi, wanda yaƙi ya koro daga karatu a Faris a 1939, da Ahmet sukan je gidan wasa na Howard a unguwar baƙaƙe ranar Asabar, su gayyato makaɗan zuwa cin abincin rana ranar Lahadi, a ci a tashi da kiɗa, baƙi da fari tare. Ahmet ya sha ba da labarin wani sanata ɗan Kudu da ya rubuto yana ƙorafin ana shigar da baƙaƙe ta ƙofar gaba, mahaifinsa ya amsa masa da cewa a ƙasarsu abokai ta ƙofar gaba suke shiga, amma in sanatan zai zo ana iya shirya masa ta baya.

Jarumta ce, amma tana da madogara a doka. Gidan jakada ɗan sanda ba ya shigarsa sai da izini, iyalinsa kuma suna da kariya. Abin da zai iya jawo wa ɗan Amurka asarar aiki ko duka, ɗan jakada yana yinsa ba abin da zai same shi. Da wannan kariya yaran suka san makaɗa, suka tara faifan garmaho fiye da 15,000, suka koyi abin da baƙar fata mai albashin mako yake cire kuɗi ya saya. Wannan ilimi shi ne jarinsu daga baya.

Uban kuwa yana tafiya a kan siraɗi. Turkiyya ta ƙulla ƙawance da Ingila da Faransa a Oktoban 1939, ta sa hannu a abota da Jamus a Yunin 1941, tana sayar wa ɓangarorin biyu ma'adinin kurom da ake ƙarfafa ƙarfen makamai da shi, tana kuma karɓar kayan aron yaƙi na Amurka daga ƙarshen 1941. Sai a Afrilun 1944 ta daina aika wa Jamus kurom, ta yanke hulɗa da ita a Agusta. Bayyana wannan raba ƙafa ga Amurkawa shi ne aikin jakada na kullum. Ya rasu wata uku kafin Turkiyya ta shelanta yaƙi a kan Jamus ranar 23 ga Fabrairun 1945, shelar da aka yi don kawai a sami kujera a taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Me ya sa sai Missouri

Da yake ana yaƙi, an ajiye gawar a maƙabartar Arlington. Mayar da gawar jakada a jirgin yaƙi al'ada ce: a 1939 jirgin Astoria ya kai tokar tsohon jakadan Japan gida. Amma matsakaicin jirgi ake turawa. Missouri tsawonsa mita 270, nauyinsa tan 45,000, yana da manyan igwa tara masu bakin inci 16. Ba a fito da irinsa don jana'iza kawai.

Ga abin da ya faru a tsakani. Ranar 19 ga Maris 1945 Mosko ta sanar da janyewa daga yarjejeniyar 1925. A watan Yuni ministan harkokin wajenta Molotov ya gaya wa jakadan Turkiyya Selim Sarper farashin sabuntawa: a mayar da Kars da Ardahan, a ba Sobiyet sansani a mashigan ruwa, a sake rubuta yarjejeniyar Montro ta 1936 da ta ba Turkiyya ikon mashigan. Ƙawar jiya ta zama mai neman yanki. Ingila, wadda ta saba tsare wannan gefe, aljihunta ya huje. A farkon Maris 1946 sojojin Sobiyet suka ƙi fita daga arewacin Iran a ranar da aka yi alkawari. Gwamnatin Truman, shugaban Amurka, tana son nuna ƙarfi, amma ba ta da yarjejeniyar tsaro da Turkiyya, 'yan majalisa kuma so suke a sallami sojoji su koma gida.

Akwai kuma matsalar doka. Yarjejeniyar Montro ta ƙayyade jimillar nauyin jiragen yaƙin baƙi masu ratsa mashigan a lokaci guda ga tan 15,000, Missouri shi kaɗai ya ninka haka sau uku. Sai dai sashe na 17 ya bar wata kafa: jirgi kowane irin girma yana iya kawo ziyarar ban girma ta ɗan lokaci a tashar da ke cikin mashigan, in gwamnatin Turkiyya ce ta gayyace shi. Gawar jakada ta dace da wannan kafa kamar an auna. Ba wanda zai ce an karya doka, ba wanda zai ce an yi barazana, kuma ba wanda zai kasa fahimtar saƙon. Sakataren sojan ruwa James Forrestal ya so a tura babbar runduna, amma sallamar sojoji ta rage ma'aikata, sai aka taƙaita. Jirgin ya bar Niyu Yok ranar 22 ga Maris, ya shiga Istanbul tare da matsakaicin jirgi Providence da ƙaramin jirgi Power, ya yi kwana huɗu, ya wuce Girka, wadda ita ma saƙon ya shafa.

Istanbul ta yi shara da fenti, aka buga kan sarki mai hoton jirgin, aka fito da taba mai sunansa. Aka haye da gawar zuwa Uskudar, aka rufe ta a harabar zawiyyar da jamhuriya ta rufe shekara ashirin da suka wuce. Matsin bai ƙare ba, domin a Agustan 1946 Mosko ta sake aiko da takarda kan mashigan. Amma hanya ta buɗe. A Maris 1947 Truman ya nemi dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya, miliyan 100 daga ciki na Turkiyya. A 1950 Turkiyya ta tura birged guda zuwa Koriya, suka sha wuta a Kunu-ri a ƙarshen Nuwamba, kuma da wannan jini ta sayi kujerarta a NATO ranar 18 ga Fabrairun 1952.

'Ya'yan da ba su koma ba

Mutuwar jakada takan kwashe komai a lokaci guda: gida, mota, direba, kariya. Uwar da 'yarta suka koma Turkiyya. Nesuhi yana Los Anjalis yana riƙe da shagon faifai, daga baya ya koyar da tarihin jaz a jami'ar UCLA. Ahmet, wanda ya gama kwalejin St. John's a 1944, ya zauna da sunan karatun falsafa a Georgetown. Da a 1920 ne, zaman Baturke a Amurka zaman ɗan ƙasar da ba a hulɗa da ita ne. A 1947 kuwa ɗan jakadan da Missouri ya kai gida ne.

Jarin Atlantic Records, kamfanin faifai da Ahmet ya kafa, bai fito daga gwamnati ko banki ba. Likitan haƙorin gidansu, Baturke mai suna Vahdi Sabit, shi ya ba da dala 10,000, abokin aikin Ahmet, Herb Abramson, ya kawo 2,500 da sanin yadda ake buga faifai. An kafa shi a ƙarshen 1947, shekarar jawabin Truman. Farawar ba ta yi daɗi ba. Ƙungiyar makaɗa ta sanar da yajin ɗaukar sauti daga 1 ga Janairun 1948, sai suka yi ta ɗauka cikin gaggawa don su tara abin sayarwa, kuma faifan farko sama da ashirin ba wanda ya karɓu. Kuskuren a fili yake: sun buga abin da su masana jaz suke so, masu saye kuma abin rawa suke nema. Sai a 1949 suka dace. Daga nan Ruth Brown, sai Ray Charles, wanda suka sayi kwantiraginsa kan dala 2,500 a 1952. Ofishinsu da rana ofis ne, da dare a ture tebura gefe a ɗauki waƙa. Nesuhi ya shigo a 1955 ya riƙe sashen jaz, inda ya fitar da John Coltrane da Charles Mingus. A 1967 suka sayar da kamfanin ga Warner kan dala miliyan 17.5, kuɗin da ba a daɗe ba aka gane ya yi araha, amma suka ci gaba da tafiyar da shi.

Gidan da ya buɗe wa baƙaƙe ƙofar gaba bai buɗe musu littafin lissafi ba. Tsarin kuwa shi ne: ana rubuta wa mawaƙi ɗan kaso daga kowane faifai da aka sayar, amma kuɗin ɗaukar sauti da na makaɗa da duk abin da aka ba shi tun farko ana cirewa daga kason nasa kafin ya ga sisi. Ruth Brown, wadda cinikinta ya ɗaga kamfanin a farkon shekarun 1950, ta yi aikatau da tuƙin motar 'yan makaranta daga baya, littafin kamfani kuma yana nuna ita ake bi bashi. Sai da lauya ya shiga, aka yi shekaru ana ja, kafin a 1988 kamfanin ya sake lissafin tsofaffin mawaƙansa, ya kuma ba da dala miliyan 1.5 aka kafa gidauniyar tallafa musu.

Ƙawancen NATO da kansa ya kawo wa kamfanin mutum. A 1956 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tura ƙungiyar Dizzy Gillespie rangadi a ƙasashen da take zawarci, don ta rage kaifin farfagandar Sobiyet kan wariyar launin fata. A Turkiyya wani saurayi mai suna Arif Mardin ya haɗu da su, Quincy Jones ya ga rubutun kiɗansa, aka sama masa gurbin karatu a makarantar Berklee. A 1963 ya zama mataimakin Nesuhi, ya kuma zama ɗaya daga cikin masu tsara sautin Aretha Franklin. Hatta auren Ahmet yaƙin cacar baka ne ya kawo shi: matarsa Mica, wadda ya aura a 1961, 'yar wani likita ce tsohon minista a Romaniya, ta baro ƙasar bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki.

Da zumar ta yi tsami

Ƙawancen bai zauna lafiya ba. A 1963 Amurka ta kwashe makamanta masu linzami na Jupiter daga Turkiyya bayan cinikin asiri da Mosko kan rikicin Kuba. A Yunin 1964 Shugaba Johnson na Amurka ya rubuto wa firaministan Turkiyya Ismet Inonu, tsohon shugaban tawagar Lozan, wasiƙar da ta ce in Turkiyya ta shiga Kubrus kada ta dogara da NATO ta kare ta daga Sobiyet. Bayan ta shiga ɗin a Yulin 1974, majalisar Amurka ta sa mata takunkumin makamai daga Fabrairun 1975 har 1978. A shekarar da takunkumin ya fara, 'yan'uwan biyu suna can suna ƙoƙarin kawo Pele ƙungiyar ƙwallonsu ta Cosmos a Niyu Yok, kuma sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger yana cikin masu sa baki. Gwamnatoci suna faɗa, ɗan jakada yana cin abinci da ministan ɗaya ɓangaren.

Wannan matsayi ne ya mayar da Ahmet jakadan da ba a naɗa ba. Ya shugabanci ƙungiyar zumuncin Amurka da Turkiyya fiye da shekara ashirin, ya gina gida a Bodrum yana kai manyan baƙi, ya ba da kuɗin gyaran zawiyyar kakanninsa, ya kuma tallafa wa nazarin Turkiyya a jami'o'in Princeton da Georgetown. Na Princeton ya jawo rigima a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da malamai da marubuta sama da ɗari suka rubuta takardar koke kan alaƙar farfesan da ke riƙe da kujerar da ofishin jakadancin Turkiyya a batun Armeniyawa. Maganar da uban ya rufe wa MGM baki a kanta ta dawo wa ɗan bayan shekara sittin.

Nesuhi ya rasu a Yulin 1989, aka kai shi Uskudar. Ahmet ya faɗi ya bugu a kai a bayan dandalin wani wasa a Niyu Yok ranar 29 ga Oktoban 2006, ranar bikin kafa jamhuriyar Turkiyya, ya rasu ranar 14 ga Disamba yana da shekara 83, bai bar ɗa ba. A jirgin sama aka kawo shi. Ministan harkokin waje na lokacin, Abdullah Gul, ya halarci jana'izar, aka rufe shi a Sultantepe kusa da wansa da mahaifinsa da Shehu Ibrahim Edhem. Matarsa ta ba jami'ar Oxford fam miliyan 26 a 2012 don tallafin karatu da sunansu.

Yavuz kuwa Turkiyya ta yi wa Jamus ta Yamma tayinsa a 1963 ba ta karɓa ba, aka ja shi zuwa wurin masu yankan ƙarfe a 1973. Missouri yana ɗaure a Pearl Harbor, masu yawon buɗe ido suna sayen tikiti su hau.